Wa Ke Cinye Abincin Kumatu?

Shafi na 17

Masu cika mini waya da zagin Iya, duk na ga saƙonninku. Wata har cewa ta yi da surukarta ce, da tuni ta ɗaure mata kaya ta sa ta a mota. To ku gyara zama ku karanta wannan shafin, sannan mu ga wa zai fara janye maganarsa.

*

Rana ta take tsaka aka ɗauke wuta a shagon wanki da guga. Fanka ta ɗan juya ta tsaya, dutsen da ke hannun Mai Guga ya fara hucewa a kan wuyan wata farar riga. Mai shagon ya leƙa janareta, ya dawo yana goge hannu a wando, ya ce babu mai a ciki kuma shi yau ba zai saya ba, kowa ta kama gabanta sai gobe.

Sauran matan suka baje a kan tulin zannuwan gado suna fifita, za a buɗe hira. Ita kuwa mayafinta ta jawo.

Abokiyar aikinta, wadda suke kira Rediyo saboda ita ko an ɗauke wuta bakinta ba ya mutuwa, ta bi ta da kallo, ta ce yau dai Allah ya kawo ranar kama ɓarawo, ta yi sauri kafin a wanke kwano. Abin da ke ran Mai Guga ke nan kuwa.

A makon da ya wuce ne matan gidan raino suka zagaya unguwa gida-gida suna auna yara. Shugabarsu, wadda kowa ke kira Anti Sikeli, ta naɗa ɗan tef ɗin nan mai launi uku a damtsen Kumatu, 'yar Mai Guga. Ya wuce kore, ya tsaya a kan ruwan ɗorawa yana leƙen ja. Yarinyar da aka laƙaba wa wannan suna saboda kumatunta har rawa suke in tana rarrafe, ga ta ta shekara biyu fuska ta zurma, gashi ya yi laushi ya fara ja, kafaɗa kamar ta ɗan tsako. Anti ta ce a riƙa kawo mata ita gidan raino, inda suke riƙe 'ya'yan masu fita aiki daga safe zuwa yamma, su ciyar da su, su auna su. Mijin Mai Guga, Mai Walda, uban yarinyar, ya ce a kai kasuwa. Uwarsa Iya tana raye, da ƙafarta da hannunta, ba za a ɗauki 'yarsa a kai wa bare ba. A bakin ƙofa ya sallami Anti, ko tabarma bai bari an shimfiɗa mata ba.

Abin da ya hana Mai Guga sukuni shi ne, ita ta san ba yunwa ta bari a gida ba. Kullum kafin ta fita sai ta dafa wake ya yi luguf, ta sa ƙwai, ranar da hali ya yi ta marmasa kifi a kai, ta zuba a kula ta ajiye wa Iya da jikarta. Kullum kuma in ta dawo a wanke take tarar da kular. To ina abincin yake zuwa?

Rediyo ta daɗe da yanke hukunci: tsohuwar ce ke cinyewa, ta bar yarinya da lasar cokali.

Mai Guga ta bi layin masu gyaran babur, ta tsallake kwatar da ke bakin famfo, tana shirya maganar da za ta faɗa. Ba za ta ɗaga murya ba, ba za ta yi rashin kunya ba. Amma yau sai an yi ta ta ƙare.

Gidan hayar shiru, duk an watse neman na kai. Sai ƙarar keken ɗinkin maƙwabciyarsu Tela, mai ɗan jariri, daga barandar da ke kallon tasu.

Kumatu tana zaune a bakin ƙofa tana tsotsar murfin gora. Da ta ga uwarta ba ta taso ba, hannu kawai ta ɗaga. Mai Guga ta sure ta, ta ji ta sakayau kamar rigar da ta bushe a igiya.

Iya tana kan tabarma a falo tana ninke kayan yarinyar. Doguwar mace ce mai tsafta, wadda ta yi wa mutane wankau ta raini ɗanta ita kaɗai bayan rasuwar ubansa. Tun da suka fara zama tare da Mai Guga, ko kallon banza bai taɓa shiga tsakaninsu ba. 'Yan gidan har tsokana suke, wai guga da walda wuta biyu ce a ɗaki ɗaya, ba don Iya tana yayyafa ruwa ba da tuni rufin ya kama.

Suka gaisa. Iya ba ta ma tambayi dalilin dawowarta da wuri ba.

"Iya, Kumatu ta ci abinci?"

"Tas. Har da gyatsa."

Ga kula can a kife a kwando, wankakkiya. Mai Guga ta shafa cikin yarinyar, ta ji shi a lafe. Ta ciro ayaba daga jakarta ta ɓare. Kumatu ta fizge da hannu biyu, ta cusa a baki har tana shaƙewa.

Wanda ya ci har ya yi gyatsa ba ya yi wa ayaba wannan kamun.

Zuciya ta taso mata har wuya. Ta buɗe baki za ta fara, sai warin nan ya daki hancinta. An kwana biyu ana jin sa a ɗakin. Ita ta ce kwata ce, maigidan ya ce ɓera ne ya mutu, har gado ya jawo yana haskawa da waya bai ga komai ba. Da safe da yamma ɗan kaɗan ake ji. Amma a wannan zafin na tsakar rana, wari ya nuna gidansu da kansa. Daga akwatin ƙarfen Iya yake fitowa, wanda ke lungun falo, wanda ba mai taɓa shi.

"Iya, zan buɗe akwatinki."

Iya ta ce ta bari, lokaci bai yi ba tukuna.

Mai Guga ta ajiye yarinyar, ta durƙusa, ta ɗaga murfin.

Ƙananan kwanukanta ne, waɗanda suka yi ta ɓata ɗaya bayan ɗaya har ta fara zargin yaran maƙwabta. Kowanne da murfinsa, kowanne an naɗe shi da ɗankwali an ƙulle bakin da kyau, an jera su a kan zannuwan Iya na fita unguwa. Ta kwance na sama. Waken yau ne da ƙwansa, da sauran ɗuminsa, ko cokali ba a sa ba. Ta kwance na ƙasansa, na jiya ne, ya yi yami. Na can ƙasa kuwa fumfuna ta rufe su, ba a ma gane abin da aka dafa.

"Iya, wannan fa?"

Tsohuwar ta taso da sauri irin wanda aka daɗe ba a gani a jikinta ba. Ta karɓe kwanon yau daga hannunta, ta rungume a ƙirji.

"Na ɗana ne. In ya taso daga makaranta da yunwa yake dawowa. Kar ki taɓa masa."

"Wane ɗan, Iya?"

Iya ta dube ta kamar wadda ta yi tambayar wauta.

"'Ya'ya nawa gare ni?"

Ɗan nata yana can bakin titi yana narka ƙarfe, furfura ta fara fito masa a gemu.

Duk maganar da Mai Guga ta shiryo tun daga shago ta zube. Abubuwa suka riƙa dawo mata, waɗanda ta gani da idonta ta wuce. Famfon da aka bari a buɗe. Gishirin da aka zuba sau biyu a miya. Ranar da Iya ta kira ta da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa, suka yi dariya aka bar zancen. Ta ƙara duban tsohuwar, duba na gaske wannan karon. Awarwaron da ke hannunta ya gangaro har kan yatsu. Zanin da ta ɗaura ya zagaye ta ya yi saura.

Ashe ba Kumatu kaɗai ke wuni da yunwa a ɗakin nan ba.

Hawaye ya zo, ta mayar da shi. Ba yanzu ba. Ta ɗauko cokali, ta zauna a tabarmar, ta jawo Kumatu kan cinyarta, ta sassauta murya.

"Iya, ya aiko. Ya ce yau a makaranta za a ba su abinci. Ya ce ke da jikarki ku cinye wannan kar ya lalace."

"Shi ya ce?"

"Shi ya ce."

Ƙarya ce, kuma ba ta ji ko ɗar ba. Iya ta miƙo kwanon.

Haka ta zauna a tsakaninsu, cokali ɗaya bakin yarinya, ɗaya bakin kaka. Kumatu tana haɗiyewa tana sake buɗe baki kamar ɗan tsuntsu. Iya tana taunawa a hankali, idonta a lumshe. Da kwanon ya kusa ƙarewa ta ce waken ya yi daɗi, wa ya dafa. Mai Guga ta ce ita ce.

"Uwarki ta iya koyarwa," in ji Iya. "Wanda ya aure ki ya dace."

Mai Guga ta yi dariya, ta ce za ta gaya masa, don kamar ya manta.

Ta kwashe kwanukan a bokiti, ta rufe da tsumma, ta bi ta bayan gida ta zubar, don ba ta son a ga abin da za a yi ta yayatawa a bakin famfo. Ta wanke su, ta shanya zannuwan Iya, ta bar akwatin a buɗe ya sha iska. Ta shimfiɗa wa Iya tabarma a barandar Tela, ta ce wa Telar jikin tsohuwar ne babu daɗi, don Allah ta sa mata ido, yanzu za ta dawo. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Tela ta ce babu komai, ai Iya ta kowa ce.

Ta goya Kumatu ta fita.

Gidan rainon tsohon sito ne a bayan kasuwa, matan unguwa suka share shi suka yi masa fenti. An yanke ƙofar gida biyu, ƙasa a rufe don masu rarrafe, sama a buɗe don iska. A bakin ƙofar ƙananan takalma ne a jere, wasu ma ba ƙafa ɗaya ba ne. Ga bokiti mai famfo da sabulu a ɗaure da igiya. Ciki ƙamshin dafaffen ganye da na sabulu, yara sun ci sun ƙoshi sun baje a tabarmi, wani ya ɗora ƙafa a wuyan wani. Mata biyu suna wanke tukwane a tsakar gida, iyayen yara ne da yau ba su da aiki, nasu zagayen ya zo. A jikin ginshiƙi sikelin yake rataye, da ɗan wandon da ake zura yaro a ciki.

Anti Sikeli gajeriya ce mai faɗi, ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, tabarau na lilo a wuyanta. Da ta ga wadda ta shigo, sai ta leƙa bayanta, ta tambaya ko maigidan ya biyo ta da guduma.

Mai Guga ta zauna a benci ta zayyana mata komai, tun daga kular da ake wankewa har kwanukan cikin akwati. Anti ba ta katse ta ba. Da ta gama, ta karɓi Kumatu ta zura a sikeli, ta duba idonta da bakinta, ta danna bayan ƙafarta da babban yatsa ta saki, tana kallo ko wurin zai lotsa. Bai lotsa ba. Ta ce alhamdulillahi, babu kumburi, ba a makara ba. Yarinyar da ke fizgar abinci da kanta ba ta ba su tsoro, wadda ke kau da kai ita ce abin tsoro. In aka riƙa kawo ta kullum tana ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, kuma ma'aikaciyar asibitin da ke zagayo musu ta duba ta, za a ga canji.

Game da Iya kuwa, ta ce kar ta bari kowa ya ce mata iska ce ko sammu. Ba mugunta ba ce kuma. Ciwo ne da ke kama ƙwaƙwalwar wasu in sun tsufa, likita ya kamata ya gan ta, kuma daga yau kar a sake barin ta ita kaɗai da wuta ko da yaro.

"To in kin kawo mana wannan, wa zai zauna da tsohuwar?"

"Nan za ta zo."

Anti ta ɗora tabarau a hanci ta dube ta sama da ƙasa.

"'Yar nan, gidan yara ne."

Mai Guga ta ce ta sani. Amma tun a hanya ta gama lissafinta. In ta bar aiki ta zauna da Iya, tukunyar gidan ta mutu, an koma gidan jiya. In ta kulle ta a ɗaki, ta kashe ta da ranta. A nan kuwa akwai idanu, akwai ƙofa, kuma Iya in ta ga ana ci za ta ci. Ba za ta taɓa tukunya ba, ba za ta kusanci ƙofa ba. Kanta ne ya fara mantuwa, hannunta bai manta komai ba. Duk kukan da yaro yake yi, Iya ta ɗora shi a kafaɗa ta ɗan bubbuga bayansa, sai barci. Ta nuna wani yaro da ke ta ƙananan koke-koke a lungu, mace ɗaya ta bar wankin tukunya tana fama da shi. Ta ce hannu ne ya yi musu kaɗan a gidan nan, ita kuma tana da hannu biyu a gida suna ninke kayan da aka riga aka ninke.

Sannan ta ƙara da cewa duk ranar hutunta, zannuwan gidan nan da labulensa nata ne, wanki da guga.

Anti ta fashe da dariya har tabarau ya zame.

"Na ce ki kawo mini ɗaya, kin zo mini da biyu. Babbar ma ta girme ni."

Ta ce za ta yi magana da sauran matan, kuma ta san ba za su ƙi a gwada ba. Amma da sharaɗi. Iya ba za ta keɓe da yaro ba sai a gaban wata. Kuma mutumin da ya sallame ta a bakin ƙofa, shi zai tako da ƙafarsa ya ce ya yarda, don ita ba ta raba mata da miji.

Ta ce a bar Kumatu ta huta a nan kafin a je a dawo. Mai Guga ta riga ta sunkuya tana gyara goyo. Ta ce a'a, akwai wanda take so ya ɗauke ta da hannunsa.

Tun daga nesa ake jin ƙarar wurin aikin Mai Walda, janareta na ruri, ana yankan ƙarfe, tartsatsi na tashi. Ƙofofi da tagogi jingine a bango, wasu an shafa musu jan fenti suna bushewa. Abokan aikinsa suka hango ta, ɗaya ya ɗaga murya ya ce yau guga ta biyo walda har gida, Allah ya sa ba gobara. Ta yi murmushi, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi iyali. Ba ta zo ta tozarta mijinta a gaban maza ba.

Ya ture baƙin gilashin zuwa goshi, ya biyo ta bayan wasu manyan ƙofofi inda ƙarar ta ragu. Fuskarsa a ɗaure. Ya ga daga wace hanya ta ɓullo. Ya fara cewa in maganar gidan rainon nan ce, ya riga ya gama ta.

Ta kwance goyon ta miƙa masa.

"Ɗauke ta."

"Hannuna duk baƙi ne."

"Ɗauke ta, Baban Kumatu."

Ya cire safar hannu ya karɓa. Mutum ne da ke cicciɓar ƙofar ƙarfe shi kaɗai. Ya sa ƙarfi kamar yadda ya saba, sai hannunsa ya tafi sama. Kullum tana barci yake fita, tana barci yake dawowa, a cikin zani yake ganin ta. Yau ga ta a rana tsaka, a 'yar singileti, ana ƙirga haƙarƙarinta. Ta kama gemunsa ta ɗan ja, ba ƙarfi.

Nan Mai Guga ta gaya masa. Akwatin, kwanukan, ɗankwalin da aka ƙulle kowanne da shi. Ɗan da ake jira ya taso daga makaranta.

Tana magana tana kallon fuskarsa. Ta yi zaton zai ce ƙarya take, ko ya ce ta yi wa uwarsa sharri, ta ma shirya amsa. Bai ce ko ɗaya ba. Ido kawai ya kawar.

Ta tsaya.

"Ba ka yi mamaki ba."

Ya gyara riƙon yarinyar.

"Ka sani."

Ya nemi wani kifaffen duro ya zauna, yarinyar a ƙirjinsa. Da ƙyar maganar ta fito. Ya ce watannin baya wani mai shayi da ya san shi ya kira shi a waya, ya ce ga Iya a tsaye a mahaɗar titi tana tambayar mutane hanyar wani gida. Gidan da suka zauna yana yaro ne, an daɗe da rushe shi an gina shaguna. Ya ajiye aiki ya je ya ɗauko ta, ya mayar da ita ɗaki kafin kowa ya dawo. Kumatu tana barci a kan gado, ƙofa a buɗe. Washegari Iya ta tashi garau kamar ba a yi ba, shi ma ya yi kamar ba a yi ba.

Ya ce tsoro ya ji. Tsoron a ce uwarsa ta haukace, yara su riƙa bin ta. Tsoron matarsa ta ce ba za ta iya ba. Kuma ya lura in tana tare da yarinyar hankalinta ya fi zama wuri ɗaya, shi ya sa da aka zo da maganar gidan raino ya ga kamar za a zare ɗan abin da ya rage yana riƙe ta. Amma maganar abinci, ya rantse da Allah bai sani ba.

Mai Guga ta bar shi ya kai aya. Muryarta ba ta tashi ba.

"Ka rufa wa uwarka asiri da cikin 'yarka."

Ya sunkuyar da kai.

"Ita ma uwar taka da yunwa take wuni. Ka duba hannunta yau in ka koma. Ni kuma da ka ɓoye wa, wa ka ɗauke ni? Matar da ta kwana a tsaye a kaina a asibiti ranar da na haifi wannan, ita zan ce ba zan iya ba?"

Kafaɗarsa ce kawai ke motsi. Ta ba shi lokaci, ta tsaya ta tare shi da jikinta don kar abokan aikin su hango.

Sannan ta shimfiɗa masa yadda za a yi, kamar tana jera kayan guga. Gobe da safe Kumatu za ta fara zuwa gidan raino. Iya za ta bi ta, in matan sun amince, kuma za su amince. Shi zai nemi rana ya kai Iya asibiti, ita za ta raka su. Da yamma duk wanda ya riga tashi shi zai ɗauko su.

Ya ce mutane za su ce ya kasa riƙe uwarsa, ya kai ta cikin jarirai.

"Mutane ba su ɗauki Kumatu sun ji nauyinta ba. Kai ka ji."

Ya dubi yarinyar, wadda ta fara gyangyaɗi a kafaɗarsa. Ya goge fuska da bayan hannu, baƙin ƙarfe ya yi masa zane a kunci. Ya tambaya ko Antin nan za ta saurare shi bayan abin da ya yi mata. Mai Guga ta ce za ta saurare shi, amma ya shirya, don sai ta auna shi tukuna.

Ya ɗan yi murmushi, na farko tun zuwanta. Ya miƙe, ya cire gilashin daga goshi ya rataye a jikin ƙofa, ya ce wa abokan aikin zai je ya dawo. Bai mayar mata da yarinyar ba, shi ya riƙe ta.

Sun kai bakin titi ke nan wayarta ta yi ƙara. Tela ce.

"Maman Kumatu, Iya tana wajenki?"

"Ba na bar miki ita ba?"

Tela ta ce wata mata ce ta zo gwajin riga, suka shiga ɗaki, ko daɗewa ba su yi ba. Da ta fito tabarma babu kowa, ƙofar gida a buɗe. Ta duba banɗaki, ta duba bakin famfo, ta tambayi masu gyaran babur, ba wanda ya lura.

Mai Guga ta riƙe hannun mijinta, wanda ya riga ya karanta fuskarta. Ta ce wa Tela ta kwantar da hankalinta, tsohuwa ce, ba za ta yi nisa ba, ga su nan zuwa yanzu, za su kasu kowa ya bi layi ɗaya.

Numfashi kawai take ji, mai rawa.

"Tela, kina ji na?"

"Ba ita kaɗai ba ce," in ji Tela. "Jaririna na kwantar a gefenta kafin in shiga. Babu shi, babu zanin goyona."